Makin da Na Ba Taubashiyata

Abin da zan rubuta ya daɗe da faruwa, kuma ba ni da riƙon abu a kai kamar yadda mutane suke zato. Wasu wuraren na tabbata da su. Wasu kuwa ina jin na cike giɓinsu ne da abin da na riƙa maimaita wa kaina shekara da shekaru, har ya zauna mini kamar gaskiya. Inda nake shakka zan faɗa.

A farkon shekarun dubu biyu muna zaune a Bobigny, a gefen Paris, hawa na biyar, a ɗaya daga cikin dogayen gidajen nan masu kama da juna. Ina da shekara tara, ko goma. An kawo ni Faransa tun ban iya magana sosai ba, don haka Damagaram, garin iyayena, a hoto na san shi, sai kuma muryar kakata a tarho. A ƙofar da ke kallon tamu akwai wata mata 'yar Jos, Kirista, ma'aikaciyar asibiti, muna ce mata Tanti. Hausa ce ta haɗa ta da mahaifiyata, kowacce tana dariyar irin ta ɗayar.

Kowane ƙarshen shekara ana nuna gasar sarauniyar kyau ta ƙasa a tele. A gidanmu ba a kallo. Mahaifiyata ba ta taɓa yin dogon bayani ba, ta dai ce ba abin yara ba ne. Tanti kuwa takan ɗauka a kaset. Ranar Laraba da rana, da yake babu lakwal, wato makaranta, sai ta tara 'yan matan hawanmu, mu biyar ko shida, mu zauna a ƙasa a falonta. Mahaifiyata ta sani, ta kuma yarda bisa sharaɗi ɗaya: in an zo inda 'yan takara ke fitowa da kayan wanka, a wuce. Tanti ta riƙe alkawari. Takan danna wurin gaggauta kaset, sai mu ga mata suna gilmawa a guje ta bayan wasu layuka fari-fari. Na daɗe ina ɗauka akwai wani sashe na gasar da ake yin tsere.

Sauran yara riguna suke kallo da gashi, kowacce ta nuna wadda ta yi mata ta ce ita ce. Ni idona yana kan dogon teburin da ke gefe, inda alƙalai suke zaune da takardu a gabansu. In aka haska su sai in ga sun sunkuya, sun rubuta wani abu, sun rufe da hannu. Ba mai duban tafiyarsu, ba mai yi musu tambaya. Ba zan ce na fahimci abin da ya ja ni a lokacin ba. Yanzu dai zatona shi ne, a duk zauren nan su kaɗai ne ba za su faɗi ba. Ni kuwa yarinya ce mai tsoron kuskure, wadda takan buɗe jakar lakwal sau uku ta duba kafin ta fita.

Daga kallo muka koma yi. Barandar hawanmu doguwa ce, ba taga, fitilarta irin wadda ake dannawa ta yi ɗan lokaci ta mutu da kanta. Ita ta zama dandalinmu. 'Yar takara za ta taso daga ƙofar asansar, na'urar hawa bene, ta je ƙarshe, ta juyo, ta tsaya a gabana ta amsa tambaya ɗaya, duk kafin wuta ta ɗauke. Kambi ma muna da shi, hular takarda mai ruwan zinariya da ake bayarwa tare da kek ɗin watan Janairu, mun liƙe inda ta yage. Ni kuma ina kan kujerar da na jawo daga ɗakin girki, da kaye da bik, wato littafin rubutu da biro. Na ja layi uku: tafiya, murmushi, amsa, kowanne a kan goma. Ban taɓa neman in yi tafiyar ba, ba kuma wadda ta taɓa neman kujerata.

A wannan shekarar, ko ta bayanta, ɗiyar kawuna ta zo daga Damagaram. Kawu yana karatu yana aiki a Paris, ɗakinsa ƙarami ne, matarsa kuma takardunta ba su fito ba tukuna. Sai aka ce yarinyar ta zauna wurin gwaggonta, wato mahaifiyata, ta shiga lakwal tare da ni. Ta girme ni da shekara guda. Ranar da ta iso, ko mayafi ba ta cire ba, ta dube ni daga sama har ƙasa ta juya wurin mahaifiyata.

"Gwaggo, wannan ce baiwar tawa? Ba ku ba ta abinci ne?"

Manya suka yi dariya, ni na shige ɗaki. Daga baya mahaifiyata ta zaunar da ni ta ce wannan taubashiyata ce. Ita ɗiyar namiji, ni ɗiyar mace, akwai wasa tsakaninmu tun kafin a haife mu. Za ta ce mini baiwa, za ta zolaye ni, ni ma in zolaye ta, kuma ba a fushi. Na tambaya ko akwai abin da aka hana faɗa. Ta ce in bar tambaya, zan koya.

Ban koya ba. Ita kuwa gwana ce. Ta yi wasa da yadda nake cin tuwo da cokali, da yadda nake jera takalmana baki ɗaya kamar sojoji, da yadda nake gaida kakata a tarho ina duban mahaifiyata don ta raɗa mini abin da ke biye. Sai in tsaya ina neman amsa, kafin in samo an tashi daga wurin. Amma ina son abin, wannan na tabbata. A lakwal ni ce mai shirun da malamai suke yabo, a gida ni ce wadda ba ta ba da wahala. Kowa lallaɓa ni yake yi, ban da ita. Ɗaki ɗaya muke kwana, ita ke yi mini kitso, tana ja tana cewa kan Turawa ne, ba ya jin magana. Ni kuma ina taya ta aikin faransanci, wanda a lokacin kaɗan take ji.

Wata Laraba yara suka matsa mata ta shiga gasar. Da farko ta ƙi. Can sai ta shiga gida, ta ɗaura zanen mahaifiyata, ta kafa kallabi irin ɗaurin manyan mata, ta fito. Ta yi tafiyarta a hankali, taku ƙanana, ido a ƙasa, yadda aka koya mata ta wuce gaban mutane. Yau in na tuna, ina ganin ba wadda ta taɓa yin tafiya mai kyan wannan a barandar. A ranar kuwa ma'aunin kaset ne a kaina: a ɗaga kai, a buɗe haƙora, a dubi alƙali ido cikin ido. Wuta ta mutu kafin ta juyo, aka sake dannawa. Na yi mata tambayar da nake yi wa kowa, da faransanci, me take so ta zama in ta girma. Ina jin ta gane, kalmomin ne ba su zo mata ba. Murmushi kawai ta yi.

Nan na ga dama ta samu. Wata da watanni tana zolayata ban rama ba, ga shi yau ni ke kan kujera, ga lokacin yin tunani da rubutu, abin da baki bai taɓa ba ni ba. Na ba ta biyu a tafiya, sifiri a amsa. A gefe na ƙara bayani, abin da ban saba yi wa kowa ba: wai tana tafiya kamar wadda ta ɗauko ruwa daga rijiya tana tsoron ya zube, wai a mayar da ita ƙauye ta ƙara koyo. Ni da ban taɓa ganin rijiya ba. Na miƙe na karanta da ƙarfi, da faransanci, da irin muryar mai gabatarwa a tele. Yara suka yi ta dariya, ɗaya har ta kwaikwayi tafiyar. Na tsaya ina jiran ta rama. Daɗi ma nake ji, a raina ina cewa yau na iya.

Ta dubi yaran, ta dube ni. Ba ta ji duk abin da na ce ba, ta dai tsinci kalmar ƙauye, ta kuma ga dariya. Ta kwance kallabin, ta ninke shi a hannu, ta shiga gida.

Tanti ce ta gaya wa mahaifiyata, ina jin. Da yamma mahaifiyata ta kira ni ɗakin girki tana yanka albasa, ba ta ɗaga murya ba. Na kare kaina da cewa ai ita ta ce ba a fushi. Amsarta na riƙe ta, kodayake ba zan rantse haka kalmomin suke ba.

"Wasa da baki ake yi, da harshen da mutum zai iya mayar miki. Ke kin rubuta a takarda, kin karanta wa baƙi da yaren da ba ta da shi. Da me za ta rama?"

Ta ce in je in ba ta haƙuri. Na je na tsaya a bakin ƙofa na ce ta yi haƙuri, ta ce ba komai.

Ba ta yi gaba da ni ba. Da gaba ta yi, da na san abin yi. Ta ci gaba da yi mini kitso, amma ta daina ja. Ta koma kirana da sunana, da safe ta gaishe ni kamar babba. Na riƙa yin abubuwa da gangan a gabanta, in ɗauko cokali in ci tuwo ina satar kallonta, sai ta miƙo mini miya. Bayan shekara biyu mahaifiyarta ta iso, suka sami gida a Clichy-sous-Bois, wani gari a gefen Paris, ta koma wurinsu. Daga nan sai haɗuwar Sallah da suna da biki. Faransancinta ya zo ya fi nawa zaƙi. Ta zama mai ba mutane dariya a kowane taro, ina jiyo ta daga ɗaya ɗakin tana bin 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya. In ta zo kaina sai ta tambayi karatu, ta ce Allah ya ba da sa'a.

Gasar baranda ta mutu da kanta, muka girma, kaset ma ya wuce. Teburin ne bai bar ni ba. Nakan shiga ɗaki in sami kaina ina ja wa mutane layi uku a zuciya, mafi yawa kuma kaina nake ja wa. A gaban madubi ban cika tambayar ko na yi kyau ba, tambayata ita ce nawa za a ba ni. Da na fara rufe kaina a shekarun da nake lise, wato babbar sakandare, haka na auna shi, da zan yi magana a aji haka. Na tafi Lyon na karanta kimiyyar sinadarai a Villeurbanne da ke manne da birnin, na zaɓi ɓangaren gwajin inganci, inda aikinka shi ne ka auna abin da wani ya yi ka ce ya kai ko bai kai ba. Da aka fara ba ni takardun 'yan shekarar farko in duba, kowacce sai na bi ta sau uku, kuma ban taɓa rubuta wa ɗalibi kalma ɗaya a gefen takarda ba. Ba na so in ɗora komai a kan kaset ɗin Tanti. Wataƙila haka halina yake, gasar kujera kawai ta nuna mini.

A tsakiyar shekarun dubu biyu da goma, ina dab da gama karatu, ɗaliban Nijar na Lyon suka shirya ranar al'adu a wani zaure da suka kama a Villeurbanne. 'Yan mata suka ce suna son gasar sarauniya. Wasu maza suka ƙi, wasu matan ma suka ƙi. Bayan zama biyu aka daidaita: za a yi nunin tufafin jihohi, kai a rufe, ba za a ambaci kyau ba, amma za a fid da ta ɗaya, da alƙalai uku. Aka ce in zama cikinsu don an san ba na son kai. Na ce zan yi tunani. Na yi mako guda ina tunanin, na karɓa don ban sami hanyar ƙi cikin ladabi ba. Sai daga baya na ji cewa mai kawo kaya da ɗaura wa 'yan mata kallabi daga Paris za ta zo, kuma taubashiyata ce. Cikin mako tana aiki a gidan renon yara, Asabar da Lahadi tana yi wa amare ɗauri. Mahaifiyata ta bugo ta ce ai wurina za ta sauka, ba sai an faɗa ba.

Ta zo ranar Juma'a da manyan akwatuna biyu. Ɗakina na ɗalibai ne, in an buɗe akwati ɗaya ba a buɗe ƙofa. Ta yaba tsabtarsa, ta gode da abinci, ta tambayi karatu.

Asabar da rana aka yi taron. 'Yan mata takwas ne, in ban manta ba. Aka zaunar da ni a tebur tsakanin wani Malam da ya daɗe da gama digirinsa a garin da wata Hajiya, matar wani injiniya, aka ba mu takardu masu layi. Daga inda nake ina hangen taubashiyata a gefen dandali, allurai a bakinta, tana gyara wa wata ɗauri tana faɗa mata abin da ya sa ta dariya. Ta farko ta wuce, na rubuta bakwai. Ta biyu ta wuce, na ɗaga bik na daɗe, na rubuta bakwai. Haka har ta takwas. Malam ya leƙo takardata, ya yi gyaran murya. Makinsu su biyu ne ya fid da ta ɗaya.

Ranar Lahadi da hantsi na raka ta gar, tashar jirgin ƙasa. Saboda ni muka isa da saura kusan awa guda, muka zauna a kan akwatunan. A nan na faɗa. Na shirya maganar da faransanci a kaina tun kwana biyu, amma da Hausa na yi ta, da gangan, duk da tuntuɓen da nake yi. Na tuna mata Larabar, da zanen, da abin da na rubuta na karanta, na ce na san tun ranar ta janye daga gare ni, kuma haƙurin da na ba ta a bakin ƙofa ba haƙuri ba ne, aike ne.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce ta tuna ranar, ta tuna zanen, amma ita a saninta ba ni na karanta ba. Wata doguwar yarinya ce daga hawa na shida ta fizge kayen ta karanta. Ta ce ta ji haushi, gaskiya ne, na kwana biyu ko uku. Abin da ya sa ta daina kuwa daban ne. Gwaggo ce ta kira ta gefe ta ce wannan yarinyar ba a cikin wasa ta tashi ba, komai a rai take sa shi, an same ta tana kuka a banɗaki, a rabu da ita.

"Na bar ki ne don an ce in bar ki," in ji ta. "Ni ma ai na sha wuya. Ga abin zolaya kullum a gabana, an ɗaure mini baki."

Na ce ban taɓa kuka a kan wasanta ba. Ta ce mai yiwuwa. Na ce ina son wasan, tun ranar farko. Sai ta tambaya me ya hana ni faɗa duk shekarun nan. Na ce ina jiran lokacin da ya dace. Ta yi dariya har mutanen da ke kusa suka juyo.

Da aka sa lambar jirginta ta miƙe ta kama akwati, ta tsaya.

"Jiya na leƙa takardarki. Bakwai, bakwai, bakwai. Duk karatun nan da kike yi, ashe ƙirga a bakwai ya tsaya miki? Bari in isa in gaya wa Gwaggo, a zo a mayar da ke ajin farko."

Na taya ta sa akwatunan, jirgi ya tashi. Sai a cikin tiram, jirgin cikin gari, mun wuce tasha uku ko huɗu, amsar ta zo mini: ɗaurin da ta yi wa yarinya ta huɗu, don faɗinsa kamar farantin kama tashoshi, in aka juya shi kudu zai kamo tele ta Yamai. Na ɗauki muryata a waya da Hausa, na goge, na sake, na goge, a na uku na aika. Kafin ta isa Paris ta mayar. Ta ce an gode Allah bebiya ta yi magana, amma nan gaba in bari sai muna ido da ido, ita ba ta wasa da na'ura.

Ba zan ce mun koma yadda muke ba. Wani lokaci takan zolaye ni a taro, wani lokaci takan fara ta tsaya a tsakiya ta dubi fuskata. Ni kuma har yau amsata takan makara, amma ina faɗinta, ko da an wuce wurin.

Na tambayi mahaifiyata. Ta ce ba ta tuna ta ce wa taubashiyata ta rabu da ni ba, ba ta kuma tuna maganar da ta yi mini a ɗakin girki ba, amma ba ta musa ba, ta ce tana iya yiwuwa duka biyun ta faɗa. Tanti ta ajiye aiki ta koma Jos, lambar da muke da ita ba ta shiga. Rubutun dai ni na yi, wannan ba mai gardama a kai, haƙurin da na bayar kuma yana nan ko wace ce ta karanta. Duk da haka ina so in sani. In akwai wadda ta zauna a hawa na biyar ko na shida a shekarun nan, ta kuma tsaya a barandar ranar Larabar, ina roƙonta ta gaya mini abin da ta gani, ko da ya saɓa wa duk abin da na rubuta. Mahaifiyata tana nan a gidan, ƙofar ba ta canja ba, saƙo zai iso ni. Abin da aka gyara mini zan gyara.